Gado Ko Kiwo: Me Ke Hana Shanunmu Haihuwa?



Tun da wasu daga cikinmu suka fara sayen shanun madara masu jinin Turai, ƙorafi ɗaya nake ji: saniya ta shekara biyu ba ta sake haihuwa ba. Saniyar da ba ta haihu ba kuwa ba a tatsarta, ga shi kullum sai ta ci dusa.

Saniya tana ɗaukar ciki kwana 280 da 'yan kai, tana kuma neman bijimi kusan kowane kwana 21. Ashe ke nan, in ana son maraƙi duk shekara, dole ta ɗauki ciki cikin wata uku bayan haihuwa.

Da yawa suna ɗora laifin a kan jini. Jini yana da nasa rabo. A Turai da Amurka an daɗe ana zaɓen shanun Holstein saboda yawan nono kaɗai, har haihuwarsu ta ja baya, sai daga wajen shekarar 2000 aka soma gyara ta hanyar zaɓen bijimin da 'ya'yansa ke saurin ɗaukar ciki. Amma masana sun auna, sun ga abin da gado ke riƙe da shi a bambancin haihuwa tsakanin shanu bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Saura yana hannun mai kiwo da yanayi.

Ku dubi bazara. Ciyawa ta ƙare, saniya ta rame, jikinta kuwa yakan fifita nonon maraƙi a kan sabon ciki, sai ta daina nema. Bunaji da Bokolo suna jure wannan zafi. Mai jinin Turai tana haki, ta rage ci, ko an yi barbara cikin bai cika zama ba. Wani sirri kuma: shanunmu na gida nemansu gajere ne, sau da yawa da dare, mai garke yana barci. Ga bakkale mai jawo ɓari, wadda bijimin aro ko saniyar kasuwa kan shigo da ita, tana kuma kama mai shan ɗanyen nono.

Shi ya sa ni dai ba na son ganin jinin Turai ya wuce rabi a garken da ba shi da rumfa da wadataccen ruwa. Cibiyar NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana haɗa Friesian da Bunaji. A nemi shawararsu kafin a zuba kuɗi.

Roƙona ga ƙungiya shi ne a tanadi rumbun harawa tun kaka, kowane mai saniya kuma ya riƙe littafin da zai rubuta ranar barbara da ranar haihuwa.