Amsar Wasiƙa: Don Na Ci Gumina, Shi Ke Nan Na Zama Mai Girman Kai?

  

Wasiƙar yau ta fito ne daga wani ɗan'uwa a ƙasar Shagari, kuma ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce shi manomi ne, yana kuma sayen gero da kaka a kasuwannin Shagari da Bodinga, ya ajiye, ya sayar idan damina ta yi tsakiya. Abin ya karɓe shi, har ya yi ginin kwano, ya sayi babur. Ran baikon godiya na kaka ya kai buhu 5 majami'a, sauran jama'a kuwa kwano-kwano suka kawo. Amma da aka zo zaɓen dattawan ikilisiya sai aka tsallake shi. Da ya yi ƙorafi, yayansa ya ce masa girman kai ne ya kayar da shi, ya kuma tuna masa da gonar wata gwauruwa da yake riƙe da ita jingina kan buhu 2 na gero, tun jinyar mijinta. Ta roƙi ya bar ta ta nome gonar bana, ya ƙi. Yau wata 2 ke nan ba sa gaisawa da yayan nasa. Tambayarsa ita ce: don mutum ya ci guminsa, shi ke nan ya zama mai girman kai?

To ɗan'uwa, mun gode da wannan wasiƙa. Ba kowa ne zai rubuta laifin da ake zarginsa da shi da hannunsa ba. Wannan kaɗai ya nuna mini zuciyarka ba ta bushe ba.

Bari in fara da abin da ke naka. Noma ba zunubi ba ne, fatauci ma haka. Ibrahim mai dukiya ne, Ayuba ma haka. Yusufu kuwa a Masar ajiyar hatsi ya yi har shekara 7, da ita ƙasa ta tsira. Saboda haka ginin kwanonka da baburinka ba su ne matsalar ba. Hau abinka, Allah ya tsare hanya.

Amma ka buɗe Luka sura 12, daga aya 16 zuwa 21. Yesu ya ba da misalin wani manomi da gonarsa ta yi albarka har rumbunansa suka kasa. Sai ya yanke shawarar rushe su ya gina manya, ya zauna ya huta. A daren nan aka karɓi ransa. Ka lura, ba a ce ya saci gonar wani ba, ba a ce ya tauye mudu ba. Laifinsa shi ne duk lissafin da ya yi, da kansa kaɗai ya yi. Bai sa Allah a ciki ba, bai sa maƙwabci ba. To ni ma da na karanta wasiƙarka, na ƙirga buhunan, na ga babur, na ga gini, amma ban ga wurin da ka ambaci wanda ya saukar da ruwan ba.

Ɗan'uwa, kai ka yi huɗa, kai ka yi shuka, kai ka yi noma da maimai. Wa ya tara hadari? Tambayi tsofaffin garinku labarin farin 1973 da na 1984. A waɗannan shekaru ƙwararrun manoma sun yi duk abin da ka yi, har ma fiye, suka tashi da kara. Mutumin da ya tuna da wannan ba zai iya ɗaga hanci a kan wanda ya kawo kwano ɗaya ba. Ka duba shinkafa a fadama: wadda ta cika da ido ita ce ke sunkuyar da kai, mara ido kuwa ita ke tsaye ƙyam.

Sai maganar buhu 5 da kujerar dattijo. Tambayi zuciyarka tsakani da Allah: da ba za a ga masu ɗauko buhunan ba, da guda nawa za ka kai? In baiko ne, ka riga ka ba Allah, babu sauran bashi tsakaninka da ikilisiya. In kuwa kana jiran a biya ka da kujera, to ciniki ka yi. A Luka sura 18 mutum biyu suka shiga Haikali yin addu'a. Bafarisiye ya tsaya yana lissafa wa Allah azuminsa da zakkarsa, yana gwada kansa da na kusa da shi. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya can nesa, ko ɗaga ido bai yi ba, jinƙai kawai yake roƙo. Shi ne ya koma gida karɓaɓɓe. Azumin Bafarisiyen gaskiya ne, zakkarsa ma gaskiya ce, raina ɗan'uwa ne ya zubar da su duka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce girman kai rawanin tsiya.

Kujera kuma, ku mutanen Shagari ba sai an kawo muku misali daga Babila ba, ko da yake labarin Sarki Nebukadnezzar yana nan a Daniyel sura 4 ga mai son karantawa. Daga garinku Alhaji Shehu Shagari ya fito. Malamin makaranta ne, ya zama shugaban Nijeriya ran 1 ga Oktoba 1979. Ran 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓe mulkin, aka tsare shi. Da aka sake shi ya komo gida ya zauna cikin jama'arsa. Ya rasu ran 28 ga Disamba 2018 yana da shekara 93, aka binne shi nan Shagari. Janar Muhammadu Buhari, wanda ya hau bayan juyin mulkin, shi ma ya rasu a 2025, aka binne shi a Daura. Ban kawo sunayensu don in yi musu hukunci ba, wannan na Allah ne. Abin da nake so ka gani shi ne, babbar kujerar ƙasar nan ma ba wanda ya tafi da ita kabari. Ina ga bencin gaba na majami'ar ƙauye?

Yanzu ga babbar maganar, wato gwauruwar nan. A Matiyu sura 25, daga aya 31, an nuna mana ranar shari'a, inda Almasihu zai rarrabe mutane yadda makiyayi ke ware tumaki da awaki. Ka karanta da kyau ka ga abin da za a duba: mai yunwa, mai ƙishirwa, baƙo, mara sutura, majinyaci, ɗan kurkuku. Abin da aka yi musu, shi aka yi wa, abin da aka hana su, shi aka hana. Ba a ambaci yawan baiko ba, ba a ambaci muƙami ba. Mun sani ceto alheri ne ta wurin bangaskiya, ba a sayensa da hatsi. Amma bangaskiyar da ba ta buɗe rumbu ba, Yakubu ya nuna a wasiƙarsa sura 2 cewa ba rai a cikinta. Tsoron Allah ke nan, ɗan'uwa: ka riƙa mu'amala da mara ƙarfi kana sane da cewa akwai wanda zai tambaye ka a kansa. Ka kai wa Allah buhu 5 a gaban jama'a, ka riƙe abincin marayu saboda buhu 2. Kai ɗan kasuwa ne, yi lissafin da kanka.

Tawali'u kuma ba kasawa ba ne. A Yahaya sura 13 Ubangiji da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi. A shekarun 1930 aka buɗe wuraren jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Ma'aikatan mishan da 'yan ƙasa sun yi shekaru suna wanke gyambon mutanen da danginsu ma suka guje su. Yawancinsu ba a san sunayensu ba yau, amma Allah ya sani. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne.

Ga shawarata, abu 3. Na ɗaya, kafin ruwan shuka ya sauka ka mayar wa matar nan gonarta. In ba za ka iya yafe buhunan ba, ka bar ta ta biya da kaka, kaɗan-kaɗan, ba ƙari. Kada ka tara mutane, kada a yi sanarwa a majami'a. Na biyu, ka taka da ƙafa zuwa gidan yayanka, ka bar babur a gida, ka durƙusa ka gaishe shi. In ya faɗi maganar da zafi, wannan nasa ne, amma gaskiya ya faɗa maka, kuma mai ƙaunarka ne kaɗai zai yi haka. Na uku, ka bar zancen kujera. In ikilisiya ta ga hali, ita za ta neme ka.

Ka yi gaggawa, don manomin Luka sura 12 ma ya ɗauka yana da sauran shekaru.

Sauran masu sauraro kuma, kada mu ce wannan ta mutumin Shagari ce kaɗai. Talaka ma yana da nasa girman kan, mai wa'azi ma haka, ni mai magana ban tsira ba. Kowa ya duba rumbunsa.

Ɗan'uwa, ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka ƙare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu zuciya mai tawali'u. Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.