Farfaɗo da Fijo 404 a Gabashin Sakkwato

Motar Fijo 404, wadda kamfanin Peugeot na Faransa ya fara ƙerawa a 1960, masana'antar Kaduna kuma ta shiga harhaɗa ta daga 1975, ta daɗe tana jigilar albasa da shinkafa tsakanin Shinaka da Goronyo da Wurno, musamman samfurin akori-kura mai buɗaɗɗen baya. Farfaɗo da wadda aka yasar ba ya gagarar ƙwararren makanike, domin busasshiyar iskar yankin tana rage cin tsatsa, injinta kuwa yana aiki da kafireta, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, wadda ake kwancewa a wanke da hannu. Wahalar tana wajen kayan gyara, waɗanda akasari sai an ciro su daga wata matacciyar Fijon.