CUTAR SHAFUKAN INTANET DA AMANAR DA KE WUYANMU

Wannan shi ne cikakken matanin jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani da aka yi a garin Sundimina, wanda 'yan'uwa daga ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suka halarta. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



Iyayena malamai, shugabannin wannan taro, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya ga Allah da Ya nufe mu da haɗuwa cikin ƙoshin lafiya. Bayan haka, an umarce ni da in yi bayani a kan cututtukan da ke kama shafukan intanet da irin gargaɗin da masana tsaro suke yi a kansu. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, ina ruwan mutumin Sundimina da wannan batu, alhali ba shi da kamfani, ba shi da shafi? Amsar tana cikin aljihunsa. Ɗalibinmu ta intanet yake rajistar JAMB, ta nan yake duba sakamakon NECO. Ma'aikacin asibitin tarayya na Birnin Kudu ta waya yake ganin albashinsa ya shiga. Manomin da ya kai amfanin gonarsa kasuwar Sara, sau da yawa ta waya ake biyansa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya tilasta wa ko da dattawanmu koyon tura kuɗi. Saboda haka dukiyarmu da sirrinmu sun riga sun koma cikin waya, ko mun so ko mun ƙi.

Ya 'yan'uwa, ku ɗauki shafin intanet tamkar rijiyar unguwa. Mutum ɗaya ne ya haƙa ta, amma jama'a ne suke sha. Idan ƙazanta ta faɗa ciki, mai rijiyar yana iya kwana bai sani ba, domin ruwan bai sauya launi ba, sai dai a wayi gari ana ta kai yara asibiti. Haka cutar shafi take. Ba mai shafin take fara cutarwa ba, a'a, baƙin da suka amince da shi suka shigo su take kamawa. Wannan shi ne ginshiƙin jawabina: duk wanda ya buɗe shafi, ko ya tura wa wani adireshin shafi, ko ya zuba wa wani manhaja a waya, to ya ɗauki amana, kuma sakaci da ita cutar da mutane ne.

To mene ne wannan cuta? Ba iska ba ce, ba kuma tsatsa ba ce. Manhaja ce da wani mutum ya zauna ya rubuta da gangan domin sata ko ɓarna. Ba yau aka fara ba, domin tun 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na ƙasar Pakistan suka rubuta wadda ake kira Brain, tana yaɗuwa ta faifan kwamfuta daga hannu zuwa hannu. Abin da ya sauya shi ne, a yau ba sai an miƙa maka faifai ba, shafin da kake ziyarta kullum shi ne zai miƙo maka ita.

Ta ina take shiga shafi? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsagar farko ita ce kalmar sirri mai rauni, kamar sunan mai shafin, ko shekarar haihuwarsa, ko lambobi a jere. Tsaga ta biyu ita ce barin manhaja ta tsufa ba a sabunta ta ba. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya an gina su ne a kan wata manhaja mai suna WordPress, wadda ake yi wa ƙari da wasu ƙananan manhajoji. Idan aka gano ɓaraka a ɗaya daga cikinsu, maƙeranta sukan fitar da gyara, amma wanda bai ɗauki gyaran ba ƙofarsa a buɗe take. Masu kutse kuwa ba sa bin shafuka ɗaya bayan ɗaya da hannu, na'ura suke saki tana ƙwanƙwasa ƙofofi dare da rana, ba ta bambanta shafin banki da na ƙaramar makaranta. Tsaga ta uku ita ce manhajar sata, wato wadda ake sayarwa amma aka samo ta kyauta a wani lungu, domin sau da yawa an riga an cusa mata guba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Ga misalai domin kada a zaci ƙirƙira nake yi. A watan Afrilu na 2023, kamfanin tsaro na Sucuri ya bayyana cewa wani farmaki da aka laƙaba wa suna Balada Injector ya kama shafukan WordPress fiye da miliyan 1 tun daga 2017. Aikinsa shi ne ya karkatar da mai ziyara zuwa shafukan damfara, masu cewa ka ci kyauta ko na'urarka ta kamu. A 2024 kuma an gano ɓaraka a wata manhajar ƙari mai suna LiteSpeed Cache, wadda shafuka fiye da miliyan 5 suke amfani da ita, ɓarakar da za ta iya bai wa baƙo ikon shugabancin shafi gaba ɗaya.

A nan gida ma ba mu tsira ba. Ranar 28 ga Maris 2015, ranar zaɓen shugaban ƙasa, an yi wa shafin hukumar zaɓe ta INEC kutse, aka sauya fuskarsa na ɗan lokaci. A watan Disamba na 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa an kutsa shafinta, ta kuma roƙi jama'a su yi watsi da duk abin da suka gani a kai har sai an gyara. Idan haka ta faru da manyan hukumomi masu ma'aikata da kasafi, ina ga shafin makarantar Islamiyya da wani yaro ya gina shekara uku da suka wuce, ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirrin a kansa?

Akwai kuma darasin WannaCry na watan Mayu 2017, cutar da ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Abin lura shi ne, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wannan ɓaraka tun watan Maris, wata biyu kafin annobar. Maganin yana nan a ajiye, sakaci ne ya hana a sha.

Me cutar take yi wa mai waya? Wani lokaci shafin zai nuna maka saƙo cewa burauzarka ta tsufa, danna nan ka sabunta, kana dannawa ka shigo da ɓarawo da hannunka. Wani lokaci saƙon tes ne zai zo da adireshi. A watan Oktoba na 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta gargaɗi 'yan Najeriya a kan FluBot, wadda take zuwa da sunan saƙon kai kaya, ta shiga wayar Android ta saci bayanan banki, sannan ta kwashi lambobin da ke cikin wayar domin ta bi su. 'Yan sandan ƙasashen Turai sun rushe ta a 2022, amma dabarar ba ta mutu ba, wasu sun gaje ta. Ku lura da wannan: ta hanyar wanda aka amince da shi take tafiya. Saƙon da ya zo da sunan ɗan'uwanka ko malaminka, shi ne ba za ka yi shakkarsa ba.

To mene ne abin yi? Zan raba nauyin gida uku.

Na farko, masu shafuka, wato makarantu da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa. Kada kalmar sirri ta zauna a hannun mutum ɗaya tilo, kada kuma ta zama ta kowa da kowa. A damƙa ta ga mutum biyu amintattu, a sauya ta duk lokacin da wani ya bar aikin. A kunna tabbatarwa ta mataki biyu, wadda take neman wata lamba bayan kalmar sirri. A riƙa sabunta manhaja a kai a kai, a cire duk ƙarin da ba a amfani da shi, a kuma ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam. Idan ba za a iya kula da shafi ba, rufe shi ya fi alheri, kamar yadda ake rufe bakin tsohuwar rijiya. Idan kuwa ya kamu, a sanar da jama'a nan take, kada kunya ta sa a ɓoye, domin ɓoyewar ta fi kamuwar muni.

Na biyu, masu ziyara, wato dukkanmu. Kada ka sauke manhaja daga saƙo ko daga tallar da ta faɗo maka, ka je rumbun manhajoji na wayarka, can ma ka duba wanda ya yi ta da irin izinin da take nema. Manhajar tocila ba ta da hujjar neman karanta saƙonninka. Lambar sirrin katinka da lambar nan da banki yake turowa sau ɗaya, ba a faɗa wa kowa, ko da ya rantse daga banki yake. Alamar kwaɗo da ake gani kusa da adireshin shafi tana nufin hanyar a rufe take daga masu leƙe, ba ta nufin mai shafin mutumin kirki ne. Kuma tun yau, kowa ya tambayi bankinsa lambar da ake dannawa a rufe asusu cikin gaggawa, ya rubuta ta a takarda ya ajiye a gida.

Na uku, masu yaɗawa. Nan nake jan hankalin shugabannin zaurukan WhatsApp, da matasanmu masu shagunan caji da tura karatu da wa'azi a memori, da masu yi wa mutane rajista a kafe. Adireshin da ya ce gwamnati tana rabon tallafi, ko kamfani yana rabon data kyauta in ka tura wa mutum 20, kada ka tura shi kafin ka tabbatar daga hukumar da aka ambata. Cewa yadda na gani haka na turo ba ta wanke kowa. Mai shago kuwa ya tsabtace kwamfutarsa, ya goge hotuna da lambobin NIN da BVN na mutane da zarar an gama aiki, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe bayanan jama'a.

Daga ƙarshe, kalma ɗaya ga matasa. Jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Tun zamanin gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure, kuma a 2019 ɗan Haɗeja, Kashifu Inuwa Abdullahi, aka naɗa shugaban hukumar NITDA ta ƙasa. Ilimin da ake fasa shafi da shi, shi ne ake tsare shafi da shi, bambancin yana ga niyya da izini. Wanda ya kwashe kuɗin wani ta waya ɓarawo ne, daidai da wanda ya haura katanga, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a kansa. Muna buƙatar masu gadin rijiya daga cikinku, waɗanda za su duba wa makarantunmu shafukansu, su kuma zauna da iyayenmu su koya musu cikin haƙuri.

Allah Ya kiyaye mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.