Phedon Papamichael, Ma'abocin Haske da Inuwa

An haifi Phedon Papamichael a birnin Atina na ƙasar Girka a shekarar 1962, amma a Jamus ya tashi, inda ya yi karatu a Munich. Ɗaukar hoto ya fara kafin ya ƙaura Amurka a 1983. A can ya koyi aikin kyamarar fim a kamfanin Roger Corman, inda kuɗi kaɗan ne, lokaci kuma ƙurarre, dole mai kyamara ya iya haska fage cikin hanzari.

Sunansa ya fito sosai a aikinsa da daraktoci biyu. Da James Mangold ya ɗauki Walk the Line a 2005 da Ford v Ferrari a 2019. Da Alexander Payne kuwa ya yi Sideways da The Descendants, sai kuma Nebraska a 2013, wanda shi ne gwanintarsa ta fi bayyana a ciki. Fim ne na baƙi da fari, labarin wani tsoho da ɗansa a kan doguwar tafiya. Kyamarar ba ta gaggawa: takan tsaya kan gonaki shimfiɗe har iyakar gani, da tamojin fuskar tsohon, har mai kallo ya ji kaɗaicin wurin. Wannan aiki ya kai shi takarar kyautar Oscar, sannan The Trial of the Chicago 7 na 2020 ya sake kai shi.

Ya kuma ba da umarni a finafinai nasa, ciki har da From Within na 2008 da Arcadia Lost, wanda ya ɗauka a Girka, ko da yake ba su yi amo kamar aikinsa na kyamara ba.