Me Ya Sa Keken Hawan Dutse Yake Da Tsada Haka?

Yau hirar keke za mu yi.

Tun 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, lissafin zirga-zirga ya canza. A nan Wudil, ɗalibin jami'ar Aliko Dangote da ke zaune cikin gari, da mai shigowa kasuwar Juma'a daga ƙauye, kowa ya fara waiwayar keke. Sai ka je tambayar mai giya da manyan tayoyin nan, ka ji kuɗin da zai sa ka ce a kai kasuwa. To me ya jawo?

Bari mu fara da asalinsa. A shekarun 1970 ne wasu matasa a Kaliforniya ta Amurka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze, suka riƙa gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan dutse. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa. A 1996 kuma tseren ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Ka ga ke nan don wasa aka yi shi, ba don ɗaukar buhun gero ba irin Raleigh da Phoenix na iyayenmu.

Dalili na farko, ana son kekenda ba shi da nauyi amma ya jure duka. Haɗa waɗannan biyun akwai tsada. Masu kyau da alminiyam ake yin jikinsu, na ƙololuwa kuma da zaren kabon, wanda ma'aikata ke shimfiɗawa da hannu falle-falle kafin a gasa.

Na biyu, kayan jikinsa. Giya da sarƙa da birki, yawanci kamfani biyu ne suka riƙe kasuwar: Shimano na Japan da SRAM na Amurka. Shok ɗin kirki mai da iska ne a ciki, birkin ma mai yake amfani da shi kamar na mota. Shi ya sa a Turai da Amurka akwai keken da ya haura dala 10,000.

Na uku namu ne na gida. Kusan duk daga waje ake shigo da su, musamman Chana da Taiwan, kuma da dala ake saye. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ƙara kuɗin jirgin ruwa, da kwastan, da motar da za ta ɗauko daga Legas zuwa Kano, da ribar ɗan kasuwa.

To kai da ke Wudil fa? Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, matsalarmu rairayi da ramuka da ƙaya. Faffaɗar taya za ta yi maka amfani, amma shok gaba da baya ba dole ba ne. Kuma a kula da masu arha masu ƙyalli da ƙaton sifirin a tsakiya. Nauyi ne kawai, giyarsu ba ta daɗewa take fara tsalle. Sau da yawa na hannu mai kyau ya fi sabo na bogi.

Kafin ka biya, duba jikin ko akwai tsagewa wajen walda. Hau ka canza giya ɗaya bayan ɗaya, ka matse birki. Sannan ka tambayi mai gyaran keken unguwarku ko ana samun kayansa, don kada sarƙa ta tsinke ka jingine shi wata uku.

Ku faɗa mana nawa aka ce muku keke a wajenku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.