Kyamarar da Ba Ta Ganin Abin da Ke Tsaye

 

Yau hirarmu kan wata irin kyamara ce. Ta wayarka tana ɗaukar cikakken hoto kusan sau 30 a daƙiƙa ɗaya, ko wani abu ya motsa ko bai motsa ba. Ita kuwa wannan, bari mu kira ta kyamarar motsi, kowane ɗigo a idonta cin gashin kansa yake yi. Sai haske ya ƙaru ko ya ragu a wurinsa sannan ya aika saƙo, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Tobi Delbruck da abokan aikinsa a Zurich, ƙasar Suwizalan, su suka wallafa bayanin shahararriyar irinta a 2008.

A ce ka kafa ta a bakin hanyar Anka zuwa Gummi da magariba. Babur ya wuce a guje, za ta kama shi ba dishi-dishi, kuma ba ta cin wuta sosai. Amma bishiyar da ke tsaye? Shiru. Baburin ma ɗige-ɗige ne kawai na gefe-gefensa, kamar an watsa gero a tabarma.

To a nan ƙirƙirarriyar basira ke shigowa. Ana horar da kwamfuta da ɗimbin bidiyo har ta iya cike gurbin. A 2019, masu bincike a Jami'ar Zurich suka nuna manhajar E2VID, mai mayar da ɗige-ɗigen nan bidiyon da ido zai gane.

Sai dai ku saurara da kyau. Duk wurin da kyamara ba ta gani ba, hasashe kwamfuta take yi. A 2020 an ba wata manhaja mai suna PULSE dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar wani Bature. A 2024 kuma, wani alƙali a jihar Washinton ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon da aka gyara da irin wannan fasaha a matsayin shaida.

Ku dubi halin da muke ciki. A yankin da zargin zama ɗan leƙen asirin 'yan bindiga kan iya ɗauke ran mutum kafin a bincika, fuskar da na'ura ta ƙaga ba abin wasa ba ce. Kuma manhajojin gyaran hoto masu wannan ɗabi'a suna nan a wayoyinmu.

Don haka in an turo maka hoto a WhatsApp an ce “an gyara, ga fuskarsa ta fito”, ka nemi na asalin. In fuska ba ta bayyana a can ba, don Allah kar ka tura gaba.

Ku ajiye mana ra'ayoyinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.