Amsar Wasiƙa Daga Kirikasamma: Wane Ne Ɗan Takarar Da Ya Fi Ƙarfi?

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga Kirikasamma, daga hannun wani manomin shinkafa wanda kuma yake taɓa fataucin kifi zuwa kasuwar Haɗeja. Ya ce shi ɗan kwamitin jam'iyyarsu ne a mazaɓa, kuma gardama ta kai shi da aminansa har sun daina cin tuwo a kwano ɗaya. Wasu sun ce a tsayar da wanda ya fi cika fili ranar taro, wasu sun ce a tsayar da mai kuɗi, wasu kuma sun ce namu kawai, ko da wane ne. Shi ne yake tambaya, ta yaya jam'iyya za ta gane wanda ya fi ƙarfi a takarar shugaban ƙasa?

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Ba ka faɗi sunan jam'iyyarku ba, ni ma ba zan ambaci wanda za ka bi ba, don ba aikin wannan fili ba ne. Amma akwai abubuwan da suka faru a ƙasar nan, wasunsu da ƙuri'un iyayenku aka yi su, su za mu ɗan waiwaya.

Da farko ka san abin da doka ta ce. Tsarin mulki na 1999 bai ce wanda ya fi yawan ƙuri'a kaɗai ya ci ba. Sai ya fi kowa yawa, sannan kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi, watau jiha 24 cikin 36. Ka ga ke nan mutum yana iya share jiharsa kakaf, ya haɗa da maƙwabta, ya tashi a tutar babu.

Dattawan Kirikasamma sun ga wannan da idonsu. A 1979 ƙasar Haɗeja tana cikin tsohuwar Jihar Kano, kuma a jihar nan ba a ga bayan Malam Aminu Kano da PRP mai mabuɗi ba. Shi ya kwashe mafi yawan ƙuri'un jihar, amma da aka tattara na ƙasa duka, na huɗu ya zo cikin mutum biyar. Alhaji Shehu Shagari na NPN kuwa, a Kanon bai ma cika kashi 20 cikin 100 ba, sai dai ya sami rubu'i a jiha 12 cikin 19 na wancan lokaci. 'Yan ƙuri'un da ya tsinta a Kano su aka yi ta lissafi a kansu har Kotun Ƙoli, kafin a tabbatar masa da nasara. Ba wanda zai ce Shagari ya fi Malam farin jini a wajen talakan Kano. Abin da ya fi shi da shi, yana da mutane a Ribas da Binuwai da Kwara.

Sai 1993, zamanin doki da mikiya, lokacin Jigawa ba ta cika shekara biyu da kafuwa ba. NRC ta je Fatakwal ta tsayar da Alhaji Bashir Tofa, mutumin Kano. SDP ta je Jos, aka kara tsakanin Abiola da Babagana Kingibe da Atiku Abubakar, Abiola ya sha da kyar. Mutane da yawa sun ɗauka tun da Tofa ɗan gida ne, Arewa tasa ce. Ranar 12 ga Yuni Abiola ya kayar da shi a Kano, ya kayar da shi a Jigawa. Me ya jawo haka? SDP ce ke da mutane a ƙasa: gwamnan Jigawa na lokacin, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan SDP ne, Sule Lamido kuma shi ne sakataren jam'iyyar na ƙasa. Sannan Abiola ya ɗauki Kingiben da ya kayar ya mai da shi mataimakinsa, aka fita kamfe tsintsiya maɗaurinki ɗaya. An soke zaɓen nan daga baya, wannan wani zance ne daban. Amma masu cewa namu kawai, sai su tuna cewa mutanen jihar nan ne da kansu suka tsallake ɗan Kano suka zaɓi mutumin Abekuta.

Na san za a ce mini, to Buhari fa? Ai shi ne babban misalin. Sau uku yana tsayawa, 2003 da 2007 da 2011, fili yana cika har ba masaka tsinke. A 2011 ya sami ƙuri'a wajen miliyan 12, kusan duk daga Arewa, ya faɗi. Sai da CPC da ACN da ANPP suka haɗe a 2013 suka zama APC, ya sami ƙafa a ƙasar Yarabawa, sannan ya ci a 2015 da fiye da miliyan 15. Mutumin bai sake ba. Waɗanda suka tsaya a bayansa ne suka ƙaru.

Abu na gaba, malam, shi ne wanda 'yan siyasa ba sa son a taɓa: me zai faru da waɗanda aka kayar a zaɓen fid da gwani? Dubi PDP a 2022. Tun kafin a shiga fili Kwankwaso ya fice zuwa NNPP, Peter Obi ya koma Labour. Da aka kaɗa a Abuja, Atiku ya sami 371, Wike 237. Aka kasa lallashin Wike, shi da wasu gwamnoni huɗu suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya. A zaɓen 2023 Tinubu ya ci da kusan miliyan 8 da dubu 800. Atiku ya kusa miliyan 7, Obi miliyan 6 da ɗoriya, Kwankwaso kusan miliyan ɗaya da rabi. Ba na cewa da sun zauna wuri ɗaya duk ƙuri'un nan za su haɗu, don mutane ba buhunan shinkafa ba ne da za a jibga a awo. Amma ka dubi Jigawa kaɗai: Tinubu wajen dubu 421, Atiku dubu 386, Kwankwaso dubu 98. Kai ɗan kasuwa ne, ba sai na yi maka lissafin ba. Gwanin da cinsa zai watsa gida, a ganina, ƙarfinsa na rana ɗaya ne.

Yanzu zancen mai kuɗi. Gaskiya ne ba a takarar shugaban ƙasa da hannu biyu. A 2022 takardar neman tsayawa kaɗai Naira miliyan 100 ce a APC, miliyan 40 a PDP. Kuma a wannan shekara 'yan wakilai ƙalilan ne suka yanke hukunci: PDP wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, APC uku. Watau duk Kirikasamma, da Madachi da Marma da Baturiya da sauran garuruwanta, bakin mutum ɗaya ko uku ne ya yi magana a madadinsu. Idan masu zaɓe suka yi ƙaranci haka, sayen su ba wuya. Amma wanda ya sayi wakilai ɗari huɗu a ɗakin otal bai sayi matan da za su tsaya a layi cikin rana ba. Wakili ya dawo da babur ko kuɗin ƙarin aure, jam'iyya kuwa ta shekara huɗu tana cizon yatsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Ita 'yar tinƙe, wadda kowane ɗan jam'iyya ke fitowa ya zaɓa, ta fi wuyar saye, ko da yake ita ma ana murɗe ta wajen rubuta sakamako in ba a sa ido ba.

Saboda haka in shugabanninku na jiha suka zo neman goyon bayanku ga wani, kada ka tsaya kan yawan motocin da suka biyo shi. In ka je Maigatari ranar Alhamis sayen san huɗa, ai ba ƙiba kake dubawa ba, baki kake buɗewa ka ga haƙora, ka sa a ja shi ka ga tafiyarsa. Tambaye su, ban da jiharsa, a ina ya taɓa cin zaɓe, ko su wa yake da su a Kudu? Waɗanda zai kayar, za su bi shi? In ya taɓa riƙe mulki, je ka tambayi fataken jiharsa da kuke haɗuwa a Gujungu, su ba su da dalilin ɓoye maka.

Akwai kuma tambayar da ku kaɗai ne za ku yi ta, don mutumin Legas ba zai yi muku ba. Kun san abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gonakinku da gidajenku. Kun san yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama mafakar jan-baki masu cinye shinkafa. Dam ɗin Tiga da na Challawa, waɗanda ruwansu ke gangarowa kanku, a hannun hukumar gwamnatin tarayya suke, wadda shugaban ƙasa ke naɗa shugabanninta. Ku rubuta buƙatarku a takarda tun kafin zaɓen fid da gwani, lokacin da suke neman ku, ku ba wakilinku ya kai, ku kuma ajiye kwafi a wajen sakataren mazaɓa.

Aminan naka kuwa, ka kai musu goro ku koma kwanonku. Atiku da Obi tikiti ɗaya suka tsaya a 2019, suka kara da juna a 2023, ba su nemi shawararku ba. A gaishe mana da mutanen Kirikasamma, Allah ya ba da damina mai albarka.